Maramiyar Ammu Ayman

Harun mutumin Maƙarfi ne, shekararsa ta huɗu ke nan yana karatun fiƙihu a Alƙahira. Shi da matarsa Azara suna haya a hawa na uku na wani gida a unguwar Hay el-Sabi'. A hawa na farko akwai wani dattijo Bamisire, Ammu Ayman, tsohon malamin firamare, wanda ya jera tukwane bakwai na maramiya a saman rufin gidan. Ɗan ƙaramin itace ne mai ganye ruwan toka, da ake jefawa a shayi don ƙamshi.

A watan Janairu aka yi wa Ammu Ayman aiki a gwiwa, likita ya hana shi hawan bene. Sai ya kira Harun ya ba shi makullin rufin.

"Ya Shaikh Harun, ka taɓa ce mini gidanku manoma ne. Ka riƙa leƙa mini su. In sanyi ya wuce, aski suke so."

Harun ya ce, "Tamam, Ammu. Wannan ba komai ba ne."

Farkon Maris da gari ya fara ɗumi, ya hau da almakashi. Ya tarar sun yi tsawo sun rame, gindinsu ya bushe ya zama ice, ganye sai can sama. A gida in zogale ya yi haka, sare shi ake yi, kafin sati biyu ya yi sabon toho. Ya datse tukunya ta farko, bai bar mata abin da ya wuce taƙi ɗaya ba. Ya yi wa ta biyu haka. Da ya zo kan ta uku sai ya ga ƙananan toho biyu-biyu a jikin rassan, amma duk suna sama da inda yake yankewa. Ya koma ya duba kututturan biyun nan, babu ko ɗigon kore a jikinsu. Ya ajiye almakashin.

Kwana goma yana ba su ruwa safe da yamma, ba su motsa ba. Duk lokacin da ya wuce ƙofar Ammu Ayman sai ya yi sallama ya ƙara sauri.

Azara ta ce, "Malam, ka je ka faɗa masa kawai. Ko so kake sai ya warke ya hau ya gani da idonsa?"

Ranar Juma'a bayan la'asar ya sauko da tukwane biyu, ɗaya wadda ya sare, ɗaya wadda bai taɓa ba, ya dire su a gaban kujerar dattijon. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba.

Ammu Ayman ya daɗe yana kallon kututturen. Ya kankare ɓawon da farce, cikin ya fito busasshe. Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya fito da shi jiƙe.

"Wannan khalas, ta tafi. Tsohon icenta ba ya cika sake toho, ga shi kuma ka shaƙe ta da ruwa. Mahaifiyata ce ta kawo asalinta daga Sina'i. Ma'alish, ba komai. Ni ne ban yi maka bayani ba. Miƙo almakashin."

Ya jawo ɗaya tukunyar ya nuna masa. A fara cire busassun rassa. Sannan a bi kowane reshe daga sama, a nemi inda sabon ganye ya ɓullo, a yanka kaɗan a samansa. Kashi ɗaya cikin uku ya isa. A zuba ɗan taki a sama, ruwa kuwa sai ƙasa ta bushe. Ya yi rassa uku, ya miƙa wa Harun ya ƙarasa yana kallo.

Da Harun ya koma sama ya ba Azara labari, sai ta shiga kicin ta fito da robobin yogot guda shida cike da yashi. Ashe ranar da ya shigo da rassan da ya sare don a shanya ganyen, ta tsinke kawunansu masu laushi ta dasa a bakin taga. Ba ta faɗa ba don ba ta san ko za su kama ba. Huɗu na nan tsaye shar.

Cikin Afrilu uku suka yi saiwa. Ɗaya kututturen da ke rufi bai farfaɗo ba, Harun ya tuge shi tare da na farkon, ya sake ƙasa, ya dasa biyu a wurinsu. Sauran tukwane biyar ɗin suka cika da ganye.

Ta ukun Azara ce ta kai wa Ammu Ayman da hannunta. Ya juya robar, ya ga fararen saiwoyi sun leƙo ta ramin gindinta. Ya ce ta mayar da ita tagarta, ta fi samun rana a can, kuma kada ta tsinki ganyen sai shukar ta kai tsawon hannu.