Anti Soja Ta Zo Hutu

Hutun da aka ba Kofur bai kai sati biyu ba. Daga shi sai tafiya bakin iyaka, inda sai mutum ya hau dutse yake samun yin waya. Ma'aikaciyar jinya ce a rundunar soja. Tun da aurenta ya mutu 'yarta take hannun Yayarta, a wani gida mai ɗaki biyu a saman shagon gyaran firji.

Mijin Yaya ne ya laƙa wa yarinyar suna Aku, don in ta buɗe baki da safe sai barci ke rufe shi. Amma ranar da Kofur ta hawo matakala da jaka a kafaɗa, Aku ta yi gum, ta shige bayan Yaya.

"Fito mana, ba ki gane ta ba?" in ji Yaya.

Aku ta leƙo da ido ɗaya. "Anti Soja ce. Ta cikin waya."

Kowa ya yi dariya, har da Kofur. Ta ciro jan takalmin da ta sayo mata, aka gwada, ƙafa ta ƙi shiga. Mijin Yaya ya ce, "Ƙanwata, ai yaran yanzu taki ake zuba musu."

Kullum da safe sai gidan ya watse. Yaya ta tafi asibitin da take shara, mijinta ya nufi gareji, yara makaranta. Kofur ta rage ita kaɗai da ƙarar guduma daga ƙasa. Ta wanke labule, ta ɗaure famfon da ke ɗiga, ta goge ƙananan rigunan Aku har da waɗanda ba sa buƙatar guga. In aiki ya ƙare ta zauna bakin taga tana kallon masu wucewa, kowa da inda za shi.

Ran nan ta ce ita za ta ɗauko Aku daga makaranta. A bakin ƙofa malamar ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce wa a wurinta?"

"Mahaifiyarta."

"Ki yi haƙuri, mun san mamarta. Bari in kira ta."

Kofur ta tsaya cikin rana har Yaya ta ɗaga waya ta ce a ba ta yarinyar.

A hanya Aku ta yarda ta riƙe mata yatsa. Can bakinta ya buɗe: wance ta ci mata fensir, kyanwar mai shago ta haihu, ita ba ta son wanka da ruwan sanyi. Kofur ta rage sauri don kada hanyar ta ƙare. Suna dab da gida yarinyar ta saki yatsan ta ruga, ta yi tuntuɓe a matakala, gwiwa ta fashe.

Wannan kam aikin Kofur ne. Ta wanke ciwon, ta sa magani, ta naɗe shi tsaf. Aku kuwa kuka take, idonta na kan ƙofa. "Mama nake so! A kira Mama!" Ba ta yi shiru ba sai da Yaya ta dawo ta goya ta.

Da yamma suna wanke-wanke, Yaya ta ce, "Wallahi na sha faɗa mata ke kika haife ta. Gobe mu zaunar da ita, mu biyu."

"Bar ta, Yaya."

"Kamar yaya in bar ta?"

"Inda za mu, ba kowa ke dawowa ba. In wani abu ya faru, ta ji Anti ce ta rasa. Zai fi mata sauƙi."

Yaya ta jefa cokali cikin ruwa. "Rufe mana baki! Mugun fata a kan kanki?" Sai ta juya baya, ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Ba a sake tayar da maganar ba.

Ranar tafiya kowa ya yi mata sallama a tsaitsaye, don ranar aiki ce. Yaya ta rungume ta, ta fita da sauri tana gyara ɗankwali. Aku ta ɗaga hannu. "Sai kin dawo, Anti!"

Kofur ta kulle gidan, ta bar mabuɗi wajen mai gyaran firji, ta tafi tasha.

A mota ta zauna kusa da wani tsoho mai kwali a cinya. Da ya ga kakinta ya yi mata addu'a, sannan ya ce, "'Yata, kina da yara?"

"Ɗaya, Baba. Mace."

"Allah ya raya. Tana can tana kuka ke nan."

"A'a," in ji Kofur. "Tana makaranta."

Tsohon ya gyaɗa kai. Kafin su fita gari barci ya kwashe shi, kwalin ya fara zamewa. Ta miƙa hannu ta tare masa, ta riƙe shi har suka yi nisa.