Lemar Rifkatu

Shekara goma sha tara ina zana wuraren haɗarin mota da fensir da igiyar awo, ba alƙalin da ya taɓa ce min sannu. Sai ga Musaddiq, wanda ni na koya masa aikin, ya dawo daga kwas a Abuja da wani ƙaton tabarau. In ka sa shi, sai ka gan ka tsaye a inda abin ya faru. Oganmu ya sa, ya dinga juyi yana "Ikon Allah!" Ni kuwa ƙyashi ya cika min ciki, ba zan ɓoye ba.

Shari'ar farko ta wani bakanike ce, Joshuwa, da mota ta kashe a Gauraka ranar Lahadi. A ranar na je na zana wurin. Musaddiq sai Litinin ya je da kyamararsa. Oga ya ce in ajiye zanena, tabarau za a kai kotu.

"Oga Ɗantala, ɗan duba min ko akwai mistek," in ji Musaddiq.

Na sa. Ga lemar Rifkatu mai shinkafa a bakin titi, ta tare kwanar gaba ɗaya. Duk wanda ya san Gauraka ya san Rifkatu ba ta fitowa ran Lahadi, tana coci. Ranar haɗarin wurin fili ne fetal.

"Komai daidai," na ce. A raina kuwa cewa na yi bari ya sha kunya, in ya so a nemo ni.

A kotu lauyan direba ya sa tabarau, ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, aikinsu ne da hannunsu. Ta ina direba zai hango mutum a bayan wannan lema?"

Alƙali ya karɓa, ya leƙa dama da hagu. Na gyara zama, zanen na naɗe a aljihuna, ina jiran a ce ina Ɗantala. Ba wanda ya tuna da ni. Aka sallami direba.

A waje Laraba, matar mamacin, ta tare ni da goyo a bayanta.

"Baba, kai ne ka zo ranar ko? Na gan ka durƙushe cikin rana kana awo. Kai dai ka yi iya ƙoƙarinka. Allah ya saka maka."

Na kau da kai, na ƙara tura zanen cikin aljihu.