Ihun 'Yan Rabin Yini

A masaƙarmu ta Lankasha, can ƙasar Turawa, ba a magana da murya. Rugugin injuna ba ya barin ka ji ko tarin kanka, sai dai ka motsa leɓe, na nesa ya karanta. Zagi, gulma, har neman aure, duk da leɓe muke yi.

Da hukuma ta ce dole yaran masaƙa su yi karatu, sai aka raba musu yini, safe aiki, yamma aji. Keziah, 'yata tilo, tana cikinsu. Takan isa makaranta a gajiye tilis, rigarta fari fat da ɓurɓushin auduga, ga bencinta dab da murhun ɗumama aji, nan take gyangyaɗi. Abin ya hana ni sukuni. Auduga da wuta ai ba sa ga maciji.

Na je na roƙi Malam Ormerod ya canza mata wuri.

"Kowa da bencinsa, yadda kowa yake da injinsa," in ji shi. "Kin taɓa ganin aji mai shiru kamar nawa?"

"Shiru kam akwai, Malam. Ko maƙabarta sai haka."

Bai yi dariya ba. Mutum ne da ko atishawa yaro ya yi sai ya sha bulala.

Wata Talata babban injin ya lalace, aka sallame mu da wuri. Na biyo ta bayan makaranta, na leƙa taga. Malam ya ba yara baya yana rubutu a allo. Su kuwa duk sun miƙe tsaye, bakuna a wangale, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa, amma ko ƙus ba ka ji. Ihu suke yi da iya ƙarfinsu, irin namu na masaƙa. Ni da ke waje na karanta sarai: Keziah, wuta.

Shi da ke ciki rubutunsa kawai yake yi.

Ban san yadda na shiga ba. Na tarar rigar Keziah na ci da wuta, na lulluɓe ta da mayafina, na yi ta birgima da ita har wutar ta mutu. Hannunta na dama ya riga ya saluɓe.

"Wa ya ba ki izinin shigowa?" in ji Malam, kafin ya ankara da hayaƙi.

Ban ko dube shi ba. Keziah na kallona, baki buɗe, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yi kukanki, 'yar nan," na ce. "Nan ba masaƙa ba ce, saki murya."

Ta saci kallon Malam tukuna. Sannan ta motsa leɓe: "Mama, ba a buga ƙararrawar tashi ba."