Tsumman da Ya Maƙale a Bututun Baba

A ƙauyenmu na kan duwatsun Aures, da zarar ganyen ɓaure ya fara zuba kowane magidanci ya san aikinsa. Zai hau rufi ya zare bututun murhun gas da ke ɗumama ɗaki, ya kakkaɓe kunkunniya da sheƙar tsuntsaye, ya mayar. Babana, Si Lahdar, bai taɓa yarda wani ya yi masa wannan aikin ba. A shekarar nan kuwa gwiwarsa ta kumbura, ko dokin ƙofa da ƙyar yake tsallakawa.

Mijina Balkasim ya saɓa tsani ya je gidan.

"Baba, bari in hau in duba maka."

"Kai? Da wannan tumbin? Rufin nan ya girme ka, ka ji tausayinsa."

"To wa zai share?"

"Na share tun kana minshari. Daga ciki na ɗaura tsumma a doguwar sanda na zura. Ɗauke tsaninka ka je ka sha gahawa."

Ita kuma mahaifiyata, Yemma Hadda, nata shirin hunturun shi ne toshe duk inda iska ke shiga. Ta lulluɓe tagogi da leda, ta cusa tsohon matashi a kafar iska da ke gindin bango, wai ta nan sanyi ke sarar mata ƙugu. In na cire, kafin in kai gida ta mayar.

Dusar ƙanƙara ta sauko ranar Alhamis, ta kwana tana zuba. Washegari maza sun tafi masallacin Juma'a, ina gasa gurasa, na ce bari in kira Yemma in ji ko sun ci wani abu. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka.

"Wace ce? Zarfa?"

Gabana ya faɗi. Zarfa yayata ce, ta rasu tun ina goye.

"Wanasa ce, Yemma. Lafiya kike?"

"Kaina ke sarawa, 'yar nan. Na yi amai, babanki ma ya yi. Waken jiya ne, na gaya masa ya yi tsami."

"Ina Baban? Bai je masallaci ba?"

"Ga shi nan yana barci a zaune, da takalminsa da komai." Maganarta na ja kamar ta mai maye. "Ke, har kyanwa ta miƙe a tsakar ɗaki, na taɓa ta da ƙafa ta ƙi tashi."

Kyanwa ba ta cin wake. Gurasar da ke hannuna ta suɓuce.

"Yemma, tashi ki buɗe ƙofa! Yanzu!"

"Da wannan sanyin? Bari dai in ɗan kishingiɗa."

Na ji wayar ta faɗi a kan tabarma. Na yi ta kiran sunanta, shiru.

Ban san da silifas na fita ba sai da ɗaya ya nutse a ƙanƙara na bar shi. Gidansu yana can sama, hanyar duk hawa ce. Na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa, bakina ba abin da yake iya faɗa sai "Ya Allah, ya Allah." Da na ɗaga kai na hango bututun a kan rufi, ƙanƙara ta zauna a kansa lafiya lau, ko narkewa ba ta yi ba. Na kowane gida ya yi baƙi yana ɗiga, ban da nasu.

Ƙofar ta ƙarfe ce, an zura sakata ta ciki. Na doke ta har tafina ya mutu. Na zagaya taga, ita ma da sandunan ƙarfe. Na ɗauki dutse na fasa gilashin, na yage ledar da farce. Wani ɗumi mai nauyi ya bugi fuskata. Harshen wutar murhun, da ya kamata ya zama shuɗi, ya koma ruwan ɗorawa yana lilo, bangon bayansa ya yi baƙi. Baba na jingine, kansa ya karkata, bakinsa a buɗe. Yemma kuwa ƙafafunta kawai nake gani.

Ihuna ya fito da maƙwabciyarsu, tsohuwa Ambarka, tana dogara sanda.

"Rufe gas ɗin daga waje, ke! Ga makunnin can jikin bango!"

Sai da na sa hannu biyu ya juya. Wutar ta mutu. Amma ƙofa na nan a rufe, kuma duk wani mai ƙarfi a ƙauyen yana masallaci.

Ban taɓa taka ƙofar maza ta masallaci ba sai ranar. Liman na tsakiyar huɗuba na faɗa ciki, ƙafa ɗaya ba takalmi, kaina ba ɗankwali.

"Balkasim! Gas ya kashe su Baba!"

Liman da kansa ya ce, "Ku tashi!" Sahu ya watse. Wani ya zaro ƙarfen cire taya daga motarsa, suka taru a kan ƙofar har sakatar ta tsinke. Balkasim ya ja dogon numfashi ya shige, ya fito da Yemma a kafaɗa. Mutum biyu suka kinkimo Baba. Aka shimfiɗe su a kan bargo a fili. Kumatun Yemma sun yi jajur kamar mai ƙoshin lafiya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na kara kunne a ƙirjin Baba, ban iya rabe bugun zuciyarsa da na tawa ba.

Motar asibiti ta kasa hawowa saboda santsi, sai a bayan tarakta aka gangara da su bakin titi. Ina rungume da kan Baba, ina roƙonsa ya zage ni ko sau ɗaya. A hanya Yemma ta buɗe ido ta yi amai a jikina, ban taɓa murna da amai ba sai ranar. Shi kuwa sai da ya kwana ya wuni da robar iska a fuska kafin ya motsa.

Balkasim ya kwance bututun bayan kwana biyu. A daidai lanƙwasa ya tarar da tsumman, ya zame daga sandar ya dunƙule da kunkunniya, ya toshe hanyar ruf. Kyanwar kuma a bayan gida Ambarka ta binne ta.

Yemma ta warke sarai. Baba ya tashi, amma ba duka ya dawo ba. Yakan fara magana ya tsaya a tsakiya yana neman ƙarshenta. Likita ta ce wataƙila ya warware zuwa bazara, wataƙila kuma a'a. Muka kwaso su zuwa gidanmu, suka ƙare hunturun a ɗakin baƙi.

Ni ma abin bai bar ni haka ba. Ko hira ake yi, wani ya yi hamma ko ya dafe goshi, sai in tsinci kaina a tsaye na wangale ƙofa. Iska ta shigo, kowa ya ja bargo ana yi mini tsiya. Ba na rufewa sai na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa mini da bakinsa.