Kashi Hamsin da Biyar

A ofishin hasashen yanayi Boka suke ce masa, tun bara da ya sa aka rufe hanyar kan dutse kwana biyu, ƙanƙarar da ya ce za ta zubo kuma ta ƙi zuwa. Har direbobi suka riƙa tambayarsa ko aljanunsa sun tafi hutu.

Ranar Talata da hantsi yana gaban kwamfuta, shayinsa ya huce, yana kallon iska mai sanyi a kan taswira tana gangarowa daga arewa. In ta haɗu da damshin kudu gobe da la'asar, ruwa zai sauka ya daskare a kan kwalta, hanya ta yi santsi. Lissafi ya ba shi kashi hamsin da biyar cikin ɗari. Ƙa'idar ofishin kuwa sai an kai sittin ake fitar da jan gargaɗi, wanda ke rufe hanya.

Ya kai wa Oga, shugaban ofishin, takardar. Oga ya tambaye shi a aljihun wa za a samo biyar ɗin da ta rage. Ya ce a rubuta sanyi mai tsanani da yiwuwar yayyafi, a bar mutane su nemi abinci. Boka ya tuna dariyar bara, ya sa hannu.

Sai ya fita baranda ya kira ƙanwarsa, wadda mijinta ke jan bas ta wannan hanya.

"Ki hana shi hawa dutsen nan gobe."

"Yaya, rediyo fa yayyafi ta ce."

"Ni na rubuta abin da ta ce. Ki dai hana shi."

Washegari da azahar ya biya ta tasha. Ya tarar da surukin nasa a kan benci yana murmushi. Surukin ya raɗa masa cewa ciwon baya ya ƙirƙiro, Dogo ne zai ja motar a madadinsa.

Boka ya san Dogo, uban 'yan mata huɗu. Ya leƙa bas ɗin: ta cika maƙil, ga wata tsohuwa rungume da ledar magunguna, ga mai goyo tana gyara wa jaririnta hula. Ya ja Dogo gefe ya faɗa masa komai, har da zancen sa hannun.

Dogo ya saurara yana ɗaure igiyar takalmi. Ya ce kamfani takarda ya sani, ba raɗa ba.

"Malam Boka, in da gaske ne ai da kun rufe hanya."

Ya hau, ya danna ham sau biyu, bas ta fice.

Boka ya kira Oga, aka ce yana taro. Ya sake kira. Yana nan tsaye da waya a kunne ɗigon farko ya faɗo kan ƙarfen ƙofar tasha. Bai gangara ba. Boka ya sa yatsa ya taɓa shi, ya ji ya riga ya yi tauri.