Babur Ba Sirdi

"Cire hannunka daga fitilar nan!"

Muntaka ne ya daka tsawar, har wata mai fura ta ja baya da ƙwaryarta. Makanikin da ke tsugune gaban sabon babur ɗin bai ko ɗago kai ba. Ya ci gaba da murza kusa, fitilar ta faɗo a tafin hannunsa, ya miƙa ta bayan kamyo, motar kayan da ta kawo babur ɗin, inda tuni aka ajiye sirdin babur ɗin da famfonsa.

"Malam Muntaka, a yi haƙuri mana," in ji Rabi'u, wakilin attajirin Damagaram da ya kawo kayan. Yana zaune kan akwatin katakon da aka fito da babur ɗin, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɓare goro da farce. "Wa ya hana ka fitila? Jika biyu ce kawai."

Ranar kasuwar Matameye ce, farkon kakar gyaɗa ta 1956, kuma rabin kasuwar ya baro ciniki ya zo kallo. Ba a taɓa ganin talakan garin ya sayi babur ba. Rani shida Muntaka ya yi yana dakon buhuna a tashar jirgin Kano don wannan rana. Wani mai sayen gyaɗa ya yi masa alkawarin wakilci a ƙauyukan Dungu da Kance, in dai yana da abin hawan da ya fi jaki sauri. Wata uku da suka wuce, a rumfar dillalai, shi da Rabi'u suka tafa a kan jika saba'in. Ya ba da sittin, ya dangwala yatsa a wata takarda ta Faransanci. Yau ya zo da cikon jika goma a lalitarsa, da sabuwar hula a kansa.

"Jika saba'in muka yi," in ji Muntaka.

"Na babur, ƙwarai. Wannan kuma faktir ce, takardar lissafi." Rabi'u ya warware wata doguwar takarda ya lashi yatsa. "Kuɗin hanya, jika huɗu. Kuɗin akwati, biyu. Kuɗin haɗawa, uku, don a wargaje ya zo. Tayoyi na rairayi ne, masu haƙora, huɗu. Fitila biyu, sirdi biyu, famfo da makullai ɗaya. Isansi, man da ke cikin tanki, dala ɗari, rabin jika ke nan. Takardar nan da nake karanta maka, ita ma dala ɗari. Jika goma sha tara ke nan a kan gomanka."

Wani mai sayar da igiya ya ce, "To iskar da ke cikin tayar fa, nawa?" Aka bushe da dariya.

Muntaka bai yi dariya ba. Goron ya rina haƙoran Rabi'u ja, kuma duk kuɗin da ya ambata sai ɗan yawu ya fallatso kan takardar.

"To ba ni jika sittin ɗina, ka riƙe ƙarfenka."

"Ai ka dangwala, Malam. Takardar ta ce wanda bai cika ba ranar da aka kawo kaya, abin da ya bayar ya tafi. Kamyon nan kuwa da an yi la'asar zai juya Damagaram." Rabi'u ya sauko daga akwatin ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya kamar mai jaje. "Amma ni ba mugu ba ne. Garkar raken nan taku ta bakin fadama, wadda ka kai ni na sha rake. Ka jinginar da ita shekara biyu kacal. Ga wata takardar a aljihuna, an riga an rubuta."

An riga an rubuta. Muntaka ya dubi hannun da ke kafaɗarsa kamar an ɗora masa mataccen kwaɗo. Garkar nan gadon mahaifinsu ce, shi da yayarsa Baiwa, ita ke ciyar da gida biyu duk rani. Wanda ya jinginar da garka ga mutanen attajiri kuwa, ba a taɓa jin ya karɓo ta ba. Amma rani shida fa? Ya tuna nauyin buhu a wuyansa, ya dubi babur ɗin, baƙi wul, tankinsa yana walƙiya. Rabi'u ya riga ya buɗe ɗan gwangwanin tawada.

"In ka sa yatsan nan, wallahi sai na gutsure shi!"

Baiwa ce ta ratso taron, tana ture maza da gwiwar hannu, zaninta duk man gyaɗa, don daga wurin tallan ƙuli-ƙulinta aka kai mata labari.

"Yaya, ki tsaya ki ji…"

"Na ji tun daga rumfar mahauta. Kai ɗan Damagaram, raken da ka sha bai ishe ka ba, sai ka haɗa da ƙasar?"

"Uwar gida, wannan ciniki ne na zamani. Ba na mata ba ne."

"Na zamani? A ina aka tafa, a ofishin Bature kumandan ko a kasuwar nan? Wa ya yi shaida?"

Muntaka ya ce, "Baba Ummaru."

"To a je gun Baba Ummaru. Ku tura ƙarfen."

Baba Ummaru shi ne sarkin dillalan kasuwar, shekara arba'in yana raba gardamar dawaki da shanu da raƙuma. Ba a sauke buhu ko a ɗaure dabba a kasuwar Matameye ba da saninsa ba, kuma Rabi'u ya san maigidansa na da buhu dubu da zai saya a nan bana. Don haka ya bi taron, yana gunaguni.

Suka tarar da tsohon a kan buzu yana duba haƙoran wata goɗiya. Ya saurari kowa, ya sa aka sake karanta masa faktir daga sama har ƙasa. Sannan ya miƙe da ƙyar ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya bubbuga tanki, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Ni ban san Faransanci ba," in ji shi. "Ban kuma taɓa sayar da wannan dabba ba. Amma hawanta ake yi ko?"

"Hawa ake yi, ranka ya daɗe," in ji Rabi'u.

"To abin hawa a kasuwar nan hukuncinsa ɗaya ne. Rabi'u, waɗannan baƙaƙen na ƙasa, da su yake tafiya?"

"Tayoyi ne na musamman, Sarki, daga…"

"Ƙafafu ne. Ka taɓa ganin an sayar da doki, an ce kofato daban? Goge. Wannan da kuka ƙwaƙule daga goshinsa fa?"

"Fitila ce."

"Da ita yake gani?"

"Mai hawan ne ke gani da ita."

"Ido ne. A mayar masa da idonsa."

Taron ya ɗauki shewa. Makanikin ya tafi ɗauko fitila yana sosa ƙeya.

"Kuɗin hanya," in ji Baba Ummaru. "Buzun da ya koro raƙumi daga Agadas, ni zan biya masa ruwan da ya sha a hanya? Mai kaya ke kawo kayansa kasuwa. Abin da ke cikin tanki kuwa, abin da dabba ta ci ta shigo da shi kasuwa na mai saye ne, ba a matse mata ciki. Sai me? Kuɗin haɗawa?"

"A gutsuttsure ya zo, Sarki. Aiki aka yi."

"Wanda ke sayar da dabba gunduwa-gunduwa mahauci ne. Kai mahauci ne? Muntaka nama ya ce yana so?"

Baiwa ta rangaɗa guɗa. Rabi'u ya tofar da goronsa, fuskarsa ta yi kamar an shafa mata toka.

"Akwai takarda fa, Sarki. Ya dangwala."

"A gabana kuka tafa, kunnena ya ji saba'in. In takardarka ta ji wani abu daban, ta zo ta faɗa da bakinta. Ko kuwa ka koma ka gaya wa maigidanka ya aiko buhunansa wata kasuwar."

Muntaka ya gyara sabuwar hularsa. Ya buɗe baki zai yi godiya, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. Sirdi ba ya bin doki. Ko a zamanin kakana, mai saye ke neman sirdinsa da linzaminsa. Sirdi da famfo da makullan nan kayan doki ne, na Rabi'u ne. In kana so, jika uku."

"Baba, ina zan zauna?"

"Wannan kuma tsakaninka da mazaunanka." Ya koma kan buzunsa ya gyara zama. "Sai la'ada. Cinikin jika saba'in, jika ɗaya daga mai saye, ɗaya daga mai sayarwa."

"La'ada?" in ji Muntaka. "Ai ranar da muka tafa an ba ka."

"Waccan ta shaida ce. Wannan ta rabon gardama. Akwatin katakon kuma, tun da kai ba ka so, shi kuma nauyi zai yi masa, a bar mini shi nan. Ƙofar zaurena ta lalace."

Muntaka ya tsaya yana kallon tsohon. Murya ɗaya ce da ta Rabi'u, gemu ne kawai ya bambanta su. Ya dubi taron, sai ya ga har sun fara matsowa. Makanikin yana murza yatsu, wai goron mayar da fitila. Waɗanda suka turo babur daga bakin kamyo, su biyar, kowa ya miƙo hannu. Wani maroƙi da bai san daga inda ya ɓullo ba ya fara kirarin mai dokin ƙarfe.

Baiwa ta juya baya ta kwance bakin zaninta. Cinikin kasuwa huɗu ne a ƙulle, tsabar dala-dala masu maiƙo. Ta ƙirga jika guda ta zube a gaban buzun, ba ta miƙa a hannu ba.

"Ga ta, Baba. Allah ya sa ƙofar ta yi daidai."

Muntaka ya ƙirga wa Rabi'u jika gomansa. Rabi'u ya sake ƙirgawa sau biyu, ya ɗaga sirdin yana jujjuya shi a rana.

"Fata ce ta Turai, da waya a ciki. Har da famfo da makullai, biyu da rabi, don kai ne. Ko garkar, wata shida kawai…"

"Riƙe shi," in ji Muntaka. "Ka zauna a kai har Damagaram."

Ana kiran la'asar kamyon ya tashi, ya bi hanyar arewa yana tangal-tangal. Muntaka ya ari buhun gyaɗa wanda ba kome ciki, ya ninka shi huɗu, ya ɗaure da igiyar kaba a inda sirdi ya kamata ya kasance. Bai tayar da injin ba. Ba ya son ya ji ƙararsa a gaban mutanen nan. Ya kama ƙahonin babur ɗin ya tura, tayoyin suna nutsewa a rairayi, Baiwa na biye da tasar ƙuli-ƙulinta a ka.

"Garka dai tana nan," in ji ta.

"Tana nan, Yaya. Zan biya ki jikarki."

"Za ka biya mana. Ka kuma kai ni Dungu biki, ko a kan buhun ne."

Sun kai ƙofar gida ke nan, yana neman dutsen da zai tokare babur ɗin, sai wani dogon mutum ya sha kwanar lungun a kan taguwa, bawansa na biye a ƙasa da sanda. Rawaninsa fari ne tas, ba kuma ɗan garin ba ne. Ya durƙusar da taguwar, ya sauko, ya yi sallama a taƙaice. Idonsa na kan babur ɗin. Ya zagaya shi, ya sunkuya ya duba lambar da aka buga a jikin injin, ya zaro wata takarda daga aljihu ya gwada.

"Shi ne," in ji baƙon. "Daga Kance nake. Rabi'u ya ce in same shi kasuwa bayan la'asar in karɓi babur ɗina, aka ce mini an turo shi nan. Jika tamanin na biya, lakadan." Ya taɓa buhun da ɗan yatsa, ya yamutsa fuska. "Kai ne yaron nasa? Ina sirdin?"