Igiyar Shanyar Rabi'a

Ni Gwadabe maƙeri ne ɗan maƙeri, amma shekara goma sha ɗaya a Jidda ban taɓa bindiga ba. Ƙofofin ƙarfe nake yi a warshar kafilina Othman, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, can unguwar masana'antu. Ranar da ya shigo da wani abu a naɗe cikin dadduma, saura kwana ashirin iƙamata, wato takardar zama, da ta matata Rabi'a su mutu, kuma sai da sa hannunsa ake sabunta su.

Ya warware daddumar. Tsohuwar bindiga ce mai baki biyu, irin ta harbin tsuntsaye, an sassaƙa sunan mahaifinsa a jikin ƙotar. Ya ajiye wasu siraran bututu biyu da ya samo, ya ce in zura su a cikin tsofaffin, ta koma mai cin dogon harsashi. Farautar manyan namun daji zai tafi Sudan.

Tsautsayi ne ya sa na taɓa gaya masa cewa ubana bindigogin mafarauta yake ƙerawa. Dogon bakina ya ja mini.

Na juya ta, na duba mahaɗar da take karyewa in za a ɗura. Na ce, "Ya Shaikh, ƙarfen nan ya tsufa. Harsashin da kake so ya fi ƙarfinsa."

Ya ce, "Babana shekara arba'in yana harbi da ita. Yalla, ya Gwadabe. In ka gama sai mu duba maganar takardunku."

To, ka ji inda aka ɗaure ni. In na ƙi, babu sa hannu. In na yi ta fashe a fuskarsa, sai dai Rabi'a ta ji labarina a bakin askar, wato 'yan sandan ƙasar. Aikin ma kansa ba a yi mini izininsa ba, don haka a bayan tulin ƙofofi nake yinsa, duk motar da ta tsaya a waje sai gabana ya faɗi. Kwana goma sha biyu ina gogewa, ina liƙewa, ina kwancewa, don bakin biyu su kalli wuri ɗaya. Abinci ya daina wuce mini. Rabi'a ta tambaye ni har ta gaji, na ce zafin gari ne.

Ranar gwaji, da zan fita daga gidanmu na Hindawiyya, na kwance igiyar shanyarta na cusa a aljihu.

Ta leƙo ta ce, "Malam, a ina zan shanya kayan?"

Na ce yanzu zan dawo da ita.

Othman ya tuƙa mu kudu da gari, har gine-gine suka ƙare. Yana fitowa ya ɗura harsashi biyu, ya kai ƙotar kafaɗarsa, ya kwantar da kuncinsa a kanta. Ban san lokacin da na riƙe bakin bindigar na danna shi ƙasa ba.

Na ce, "A gidanmu ba a fara harba sabon aiki a kafaɗa. Ɗaure ta ake yi a bishiya, a ja kunamar da igiya daga nesa. Ubana ko sarkin baka ne ya zo, haka zai tsaya ya jira."

Ya harare ni. "Ka san da wa kake magana?"

Na sani sarai. Amma ban saki ba. Babu bishiya a wurin, sai na ciro tayar ajiya ta motar, na ɗaure bindigar a kanta, na danne da duwatsu, na ɗaura igiyar Rabi'a a kunama ta farko, na ja ta har bayan mota. Na yi bismilla na fizga.

Ta tashi lafiya lau. Ƙura ta tashi a jikin tudu, Othman ya fashe da dariya. "Halas, an gama! Ka ga tsoron banza?" Ya miƙe zai je ya kwance ta.

Na ce, "Baki biyu gare ta. Ɗaya muka ji."

Ya ce, "Wallahi ka ishe ni." Sai ya faɗi abin da nake tsoro: in na ƙara ɓata masa lokaci, in nemi mai sa mini hannu.

Na wuce shi, na mai da igiyar kan kunama ta biyu, na dawo. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya cika ni, ina ganin mu a jirgi da ƙullin kayanmu. Na fizga.

Ƙarar ba irin ta farko ba ce. Da hayaƙi ya washe, mahaɗar ta dare, ƙotar ta rabe biyu, wani guntun ƙarfe kamar babban yatsa ya nutse cikin tayar, daidai inda kuncin mutum zai kasance.

Othman ya tsuguna ya ɗauki ɓarin ƙotar mai sunan mahaifinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Na ce a raina shi ke nan, na lalata gadon mutum, gara in fara sallama da maƙwabta.

A hanyar dawowa sai shafa kuncinsa na dama yake ta yi. Da muka iso Bab Makka ya tsaya, ya dubi igiyar da ke cinyata.

"Ta wace ce?"

Na ce ta shanyar matata ce.

Ya ce, "Gobe ka zo da hotonta da naka, na iƙama."

A gida na tarar da Rabi'a da jiƙaƙƙun kaya cike da baho, ta cika fam. Na ɗauki igiyar zan mayar a ƙusa, sau uku ina ƙullawa tana zamewa. Ta dube ni, ta karɓa ta ɗaure da kanta.